Maman Wa Za Mu Ce?

Litinin, 2 ga wata, da hantsi

Jiya muka iso. A littattafan da nake karantawa, idan aka kawo yarinya sabon gari, buɗe mata ƙofar mota ake yi, ta sako ƙafa a hankali, iska ta ɗan kaɗa mayafinta. Ni daga gaban motar kaya na sauko, ƙafata ta sage, da murfin tukunya a hannu.

Mun sauka a gidan Yaya, babbar yayar mijina. Ta ba mu ɗakin ɗanta da ke makarantar kwana, kafin ya dawo hutu a ƙarshen wata mu sami gidan haya. Ɗakin warin takalmin ƙwallo yake yi. Kayanmu suna jibge a baranda, an rufe su da tamfol. Kwalin littattafaina kaɗai na hana a bari a waje. Na rungumo shi da kaina ina nishi.

Mijina ya ce, "Amarya, kawo in ɗaukar miki."

Ban amsa ba.

Shekara uku da aure, wace irin amarya? Sunan nan ya tsufa, mun daɗe da ajiye shi, sai da daminar nan ya je ya tono shi ya kakkaɓe. Ina da wani sunan. Ya san shi, shi ne ma ya fara kirana da shi, yana dariya, a bakin gadon asibiti. Duk ranar da ya tuna, zan amsa.

Talata, 3 ga wata, bayan la'asar

Dillalin da Yaya ta haɗa mu da shi, Ba Matsala ake ce masa, kuma ban daɗe ba na gane dalili. Akwai ruwa? Ba matsala. Wuta fa? Ba matsala. Na tabbata da za a ce masa gidan ba rufi, cewa zai yi ba matsala, iska ce kyauta.

Ya kai mu sabuwar unguwa can bayan gari, kusa da kamfanin da aka maido mijina. Shi gyaran injinan ɗakin sanyi yake yi, inda ake ajiye kifi da nama. Layi a miƙe, gidaje iri ɗaya, fenti iri ɗaya, katanga doguwa da waya mai ƙaya a kanta. Baƙin get. Tayil har banɗaki. Wata fulawa ja a bakin ƙofa, da na taɓa ta sai na ji ta roba ce.

Na tsaya a tsakar gidan na kasa kunne. Ba kaza, ba rediyo, ba mai talla, ba wanda uwarsa ke ƙwala wa kira. Tarin da na yi sai da ya je ya bugi katanga ya dawo min.

Ba Matsala ya ce, "Hajiya, nan ko shekara za ki yi, maƙwabcinki ba zai san launin mayafinki ba. Kuma ba yara. Masu gidajen nan ba sa ba mai yara haya, ɓata fenti suke yi."

Mijina ya yi saurin mai da idonsa kan mitar wuta. Can ya ce, "Amarya, kin ga irin gidan cikin littattafanki. Get, fulawa, komai. Ga kuma shirun da kika ce kina so."

Ban amsa ba.

Gaskiyarsa, irin gidan ne. Amma marubutan nan wayo gare su. Ba sa taɓa nuna maka yarinyar da tsakar rana, miji yana wurin aiki, ta gama shara, ta wanke kofi biyu, ta zauna daga ita sai firij. A nan ne suke rubuta "bayan wata shida", su tsallake. Ni wa zai tsallake min?

Laraba, 4 ga wata, da safe

Wai ni na ce ina son shiru.

Alhamis, 5 ga wata, da azahar

Bari in rubuta yadda aka yi, kada nan gaba ni ma in yarda ni na nema.

Lokacin da gidanmu na can ya cika da mata, ana shimfiɗa tabarma har bakin ƙofa, kowace da maganarta take shigowa, kuma duk iri ɗaya. Sai haƙuri. Kina da ƙuruciya. Wani na tafe. Wani na tafe! Kamar motar haya ce ta wuce ni. Ranar da suka fara raguwa, ya shigo ya tsuguna a gabana, ya ce me nake so, ko mene ne zai yi. Na ce ina son shiru.

Su nake nufi. Bakinsu nake so a rufe.

Shi kuwa ya ɗauki kalmar kamar maganin likita, yana sha safe da rana da yamma. Ya yi shiru. Ya sauke hoton bango. Ya kyautar da ƙaramin baho da kujerar roba, ban san wa ya ba ba. Ya maido da Amarya. Yanzu kuma ya samo min unguwa guda ta shiru, har da get.

Abu ɗaya bai samu ba. Yana ƙasan kwalin littattafaina, a ninke.

Asabar, 7 ga wata, da yamma

Ɗazu maƙwabciyar Yaya ta yi sallama za ta ari rariya, da goyo a bayanta. Yaya ta tashi da gudu ta tare ta a ƙofa kamar wadda ta zo da cuta, ta miƙa mata rariyar ta waje. Ina daga cikin ɗaki na ji yaron yana shaƙuwa. Ƙaramar shaƙuwa, irin ta wanda ya ƙoshi.

Na fito na ce, "Yaya, da kin bar ta ta shigo. Ba cizo nake yi ba."

Ta ce, "Ƙanwata, gyara nake miki. Ciwo ba a sosa shi. Shi ya sa ma yaron nan ya nace wa manyansa sai an yi masa canji, don ya raba ki da wurin."

Na ce, "Shi ya nema?"

Ta kama gyaran ɗankwali. Ta ce ruwan zafinta zai ƙone.

Ni ce min ya yi kamfani ne ya tura shi. Ashe har garin ma shi ya kyautar, kamar bahon.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Sau uku yau. Amarya, ga shayi. Amarya, ina safata? Amarya, kina ji na? Ina ji. Ban amsa ba. Na nuna masa safar da haɓa.

Talata, 10 ga wata, bayan la'asar

Na cinye duk littattafan da na zo da su, wasu karo na uku, har na fara jin haushin wata jarumar da a da nake kuka dominta. Yaya ta ce akwai shagon hayar littattafai a bayan makarantar firamare, idan na haye titi na bi ta wajen masu walda. Ta so ta raka ni, na ce ina da ƙafa.

Ban taɓa ganin unguwa mai surutu irin wannan ba. Mai walda yana feshin wuta, tela ya ƙure rediyo, wata mata tana faɗa da mai ruwa a kan jarka, injin niƙa yana ta ƙugi kamar zai tashi da gidan. Kwata a buɗe, na tsallake ta ina tattare zani. Shagon ɗan ƙarami ne, littattafai har rufi, an ɗinke bayansu da zare. Mai shagon, wani dattijo, ya dubi wanda na zaɓa ya ce, "Wannan ƙarshensa ya yage, amma kada ki damu, duk matan layin nan sun san yadda ya ƙare, ki tambayi kowace."

Ina tsaye aka tashi makaranta. Suka ɓarko kamar an buɗe famfo. Wata 'yar mitsitsiya, jakarta ta fi ta girma, ta zo ta kama gefen zanina tana ba ni labarin wanda ya karya mata fensir. Sai da ta ɗaga kai ta ga ba uwarta ba ce, ta saki, ta ruga.

Na jira in ji na faɗi. Ban faɗi ba. Wurin da ta kama ya ɗan tattare, na bar shi a haka har gida.

Dattijon ya ce gidan mai injin niƙa akwai ciki da falo da ba kowa, malamin da ke ciki ya tashi.

Laraba, 11 ga wata, bayan magariba

Na gaya masa yana cin abinci. Ya ajiye cokali.

"Bayan makaranta? Kin san inda kike faɗa kuwa? Kwata, sauro, inji tun safe. Daga can zuwa wurin aikina mota biyu ce."

Na ce, "Ai ba a ƙafa za ka je ba."

"Ni ina nema miki inda za ki huta, ke kina nema mana kasuwa."

"Hutun me? Noma na yi?"

"Amarya, ki ji tsoron Allah. Littattafan nan ne suke juya miki kai."

Na ce, "Da littattafai ne, da get ɗinka na zaɓa. Kuma wadda kake kira ba ta nan. Ka bar ta a wancan garin, ko ka kyautar da ita, ban sani ba."

Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na ce a raina yanzu zai faɗi sunan, yanzu. Sai ya ce, "Gishiri ya yi yawa a miyar nan," ya tashi.

Yaya ce ta yi miyar, kuma tana jin mu.

Alhamis, 12 ga wata, da safe

Ba zan shiga gidan fulawar roba ba. Na rubuta, na ja layi a ƙasa.

Asabar, 14 ga wata, da azahar

Yaya ta kai ƙarata. Umma ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ke wace irin yarinya ce? Miji ya samo gida mai tayil kin ce sai kwata? Mace inda mijinta ya ajiye ta nan take zama."

Na ce, "Umma, ai ni ba buhu ba ce."

"Ni kike mayar wa magana? Tun kina ƙarama haka kike, a aike ki ki tsaya karatu a hanya. Yaron nan yana ƙoƙari. Ki taya shi mantawa, ki manta ke ma."

Na ce, "Umma, wa zan manta? Faɗi sunan, sai in san wa zan manta."

Sai na ji tana jan hanci. Ta ce, "Allah ya shirye ki," ta kashe.

Ita ma ba za ta iya ba. Kowa ya haɗa baki a kan suna ɗaya, kamar wanda ya yi sata.

Litinin, 16 ga wata, bayan la'asar

Ya ce ranar Juma'a zai karɓi makullin gidan get. Ya faɗa yana ɗaure takalmi, bai dube ni ba. Yana fita na yafa mayafi na tafi mayar da littafi. Daga shagon ban juyo gida ba, na shiga gidan mai inji.

Tsakar gida ce mai faɗi, siminti ya farfashe, igiyar shanya ta ratsa ta ko'ina. Bokitai a jere, mata suna jiran layi. Mai gidan tsohuwa ce doguwa, gari ya yi mata fari har gira, injin ya cinye mata rabin kunne, don haka duk maganarta ihu ce. Ta kashe injin, ta buɗe min ɗakin. Ciki da falo, ɗan kicin, taga tana kallon katangar makaranta. Famfon yana ɗiga. A jikin bango, can ƙasa, wani yaro ya zana mota da gawayi, ba a goge ba.

Ta ce, "Mijinki me yake yi?"

Na ce gyaran inji.

"Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mu! To ke Maman wa za mu ce? Nan ba ma kiran mace da sunanta, sai ka ce a asibiti."

Matan layi duk suka juyo. Tun damina ba wanda ya yi min tambayar nan. Kowa ya riga ya sani, ko an riga an ja masa kunne. A littafi nan ne yarinya take sulalewa ƙasa, a yayyafa mata ruwa. Ni ban sulale ba.

Na ce, "Maman Gyaɗa."

"Maman wa?"

Dole na ɗaga murya. "Gyaɗa!"

Suka kwashe da dariya, ni ma na ji ina yi. Na ce ubanta ne ya sa mata, don da aka haife ta 'yar ƙarama ce, ja, ya ce wannan ai gyaɗa aka ɓare.

Tsohuwar ta ce, "Tana ina, ba ki zo da ita ba?"

Na ce, "Ta koma."

Wannan ta ji shi, ban maimaita ba. Ba ta ce sai haƙuri ba. Ba ta ce wani na tafe ba. Ta kakkaɓe hannunta a zani ta ce, "Allah ya sa mai ceto ce. Ni nan Maman Dogo ake ce min, duk unguwar nan. Dogon nan bai fi tsawon hannuna ba ya koma. Na haifi shida a bayansa, ga su nan da gemu, ba wanda ya ƙwace masa sunan." Sai ta juya ta daka wa wata tsawa, "Ke, matsar da bokitinki Maman Gyaɗa ta wuce!"

Na wuce. Har na kai titi ina jin sunan a kunnena.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Gyaɗa. Gyaɗa. Gyaɗa. Gyaɗa.

Ga shi na rubuta. Biro bai karye ba, rufi bai faɗo ba.

Talata, 17 ga wata, da yamma

Na zazzage kwalin littattafai, na ciro zanen goyon daga ƙasa. Shuɗi ne mai ɗigon fari, gefe ɗaya ya koɗe inda take tsotsa. Na wanke shi, na shanya a tsakiyar igiyar Yaya, inda duk mai shigowa sai ya sunkuya ya wuce.

Yaya ta ce, "Ƙanwata, don girman Allah ki sauke kafin ya dawo."

Na ce, "Bai bushe ba."

Ta taɓa ta ce ya bushe ƙayau. Na ce a wurina bai bushe ba.

Ya dawo. Ina kallonsa ta labule. Ya tsaya da jakar kayan aikinsa a hannu, ya daɗe. Bai sunkuya ya wuce ba, ya zagaya ta bayan tanki. Bai ci abinci ba.

Laraba, 18 ga wata, bayan asuba

Na fito alwala na tarar ba zanen a igiya. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, ya bi baho. Na nufi baranda da niyyar in tashi gidan nan kaf da ihu.

Yana zaune a kan buhun kayanmu, zanen a cinyarsa. Ya ninke shi gida huɗu, gefen da ya koɗe a sama, yadda nake ninkewa. Ban san ya taɓa lura ba.

Ya ce, "Raɓa za ta jiƙa shi."

Na tsaya.

Ya ce, "Kina gani kamar ni dutse ne. A wurin aiki akwai wani ɗaki, idan na shiga na rufe ƙofa, sanyi ne kawai da ƙarar inji, ba mai ganina. Nan nake zuwa. Sai in fito in ce sanyi ne ya sa min hawaye." Ya shafa zanen. "Kullum da safe in fito in ga ana kai yara makaranta, da 'yan jakunkuna. Ta ƙofar gidana. Kina ganin zan iya?"

Ashe shirun nasa ne. Ni na faɗi kalmar, shi yake buƙatarta, ya rataya min ita a wuya saboda yana jin kunyar cewa tasa ce.

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Na so in zauna kusa da shi in ce to, mu tafi gidan get ɗin, yadda matan littafi suke yi a shafin ƙarshe. Amma na hango kaina a can, shi yana da ɗakin sanyinsa, ni ina da firij, mu tsufa muna Amarya da Ango, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Na ce, "Ban sani ba ko za ka iya. Ni dai na san wanda ba zan iya ba. Ka zo ka ga wurin sau ɗaya kafin Juma'a. Idan ka karɓi wancan makullin, ka karɓa, amma kai kaɗai za ka buɗe."

Ya ce, "Barazana ce?"

Na ce, "Labari ne."

Ya miƙo min zanen. Bai ce Amarya ba.

Laraba, da azahar

Idan ya ƙi fa? Ina zan je, gidan Umma? Ban sani ba. Na ɗauki littafi na karanta shafi ɗaya sau biyar. Ban sauya ra'ayi ba.

Alhamis, 19 ga wata, bayan la'asar

Ya nemi izini a wurin aiki, ya ce zai zo ne don ya huta da maganata. Ni na zaɓi lokacin, daidai tashin makaranta. Ba da gangan ba. To, da gangan ne. Idan zai ga unguwar, ya gan ta da haƙoranta.

Ba Matsala ya biyo mu, yana ta ƙunƙuni, wai shi bai saba kawo manyan mutane irin wannan lungu ba. A bakin kwata ya zame, takalminsa ɗaya ya shiga. Na ce, "Ba matsala." Bai yi dariya ba.

Muna shan kwanar masu walda aka buga ƙararrawa. Suka ɓarko. Mijina ya tsaya cak a tsakiyar hanya, yara suna ratsa shi hagu da dama, wani ya bangaje masa gwiwa, wata ta ce, "Baba, matsa mana." Na ga ya dunƙule hannu. Na ga ya dubi hanyar da muka fito. Ban kama shi ba. Na wuce gaba na shiga gidan, ban waiwaya ba.

Tsakar gidan shiru, abin mamaki. Injin ya tsaya, bel ɗinsa ya zame, mata sun yi cirko-cirko da bokitai, Maman Dogo tana zagin injin da kakanninsa. Tana ganina ta washe baki.

"Maman Gyaɗa! Ina mai gyaran?"

Na waiwaya. Yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ya ji. Duk layin ma sun ji.

Ta hango shi. Ta buɗe muryar nan tata da ke tsallake katanga uku.

"Baban Gyaɗa! Kai ne Baban Gyaɗa? Shigo mana, ka tsaya kamar baƙo! Zo ka duba min tsinannen nan!"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a gidan get. Mata suna kallonsa. Ba Matsala yana riƙe da takalmi. Ni ina kallon maƙogwaronsa.

Tsohuwar ta ɗauka bai ji ba, irin nata kunnen. Ta ƙara ƙarfi. "Baban Gyaɗa!"

Ya ce, "Na'am."

A hankali ya faɗa, muryar ta fashe a tsakiya. Ta ce, "Me ya ce?" Sai ya share fuska da hannun riga, ya ce da ƙarfi, "Na ce na'am, Baba! Ina zuwa."

Ya shigo da ɗaya ƙafar. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a gaban injin, ya juya mana baya. Ya daɗe a kan bel ɗin nan fiye da yadda gyaransa yake buƙata, kafaɗunsa suna rawa. Ba ɗakin sanyi, ba abin da zai ɗora wa laifi. Wata mata ta ce gari ne ya shiga masa ido, sauran suka ce ƙwarai, garin nan mugu ne.

Da injin ya tashi, sai da ƙasa ta girgiza.

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Bai je karɓar makulli ba. Bai ce min ya fasa ba. Ya dai tambayi Yaya ko tana da lambar mai motar kaya.

Lahadi, 22 ga wata, da yamma

Mun tare. Famfon yana nan yana ɗiga, ya ce sai ya sayo roba. Sauro kuwa gaskiyarsa, sun yi mana maraba tun kafin mu sauke katifa. Yaya ta rako mu tana toshe hanci, ta ce mu biyun duk sai an yi mana addu'a. Ya riga ya gano wata hanya ta bayan masu walda da zai riƙa bi da safe don kada ya wuce ƙofar makaranta. Ban hana shi ba. Ya ɗauko tsumma zai goge motar gawayin da ke bango, na ce ya bari, ya bari.

Littafin da ƙarshensa ya yage, na tambayi matan gidan yadda ya ƙare. Uku suka ba ni amsa, kowace da nata, har suka kusa faɗa.

Ɗazu ina kicin ina jera kwanoni, inji yana ƙugi, rediyon tela yana yi, na ji shi daga falo yana fama da kwalin littattafaina. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Maman Gyaɗa, ina za a ajiye wannan?"

Na ji sarai. Na bari ya sake faɗa, don in ƙara ji.

Sannan na amsa.